Ajiyar da Ba Ta Ɓata Ba

Kawuna shi ne magatakardan wata 'yar ƙungiyar manoman riɗi da zoɓorodo a Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar. Mutum sittin ne da 'yan kai, kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa bayan kaka, idan damina ta kawo jiki a ba mabuƙata rancen taki da iri. Shekara da shekaru lissafinsu yana cikin wani littafi mai baƙin bango, har wani matashi daga cikinsu ya mayar musu da shi cikin kwamfuta. A kakar 2024, wata ranar Alhamis, Kawu ya biyo ta shagon kwamfutar da nake taya aiki a Gumel tun bayan da na gama bautar ƙasa. Ya zaro filash daga aljihun gaba, a ƙunshe cikin leda kamar laya, ya ce in buga masa lissafin a takarda saboda taron ƙarshen shekara. Shi zai wuce kasuwar Maigatari, in ya dawo da la'asar ya karɓa.

Duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan shaguna ya san halin filash. Kamar moɗar randar masallaci yake, kowa ya zo ya kafa baki. Ina soka shi na ga abin da na saba gani: fayilolin da ke ciki sun ɓuya, an bar wasu 'yan alamomi masu kibiya a madadinsu, aikin wata ƙwayar cutar kwamfuta da ta daɗe tana yawo a shagunanmu. Na tono fayil ɗin lissafin, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Kwamfutar shagon cike take da aikin mutane, da kundin ɗalibai da takardun neman aiki, ban kuma so in zama sanadin lalacewarsu ba. Sai na yi abin da aka koya mana cewa shi ne hankali: na buɗe ɗaya daga cikin shafukan intanet da ke bincika fayil kyauta, na ɗora shi. Kafin minti biyu amsa ta fito kore shar, babu manhajar rigakafi ko ɗaya da ta ga aibu a jikinsa. Na yi hamdala, na buɗe shi, na tura wa na'urar bugawa.

Sai da takardun suka fara fitowa na lura da abin da na ɗora. Gurbi biyar ne a kowane layi: suna, lambar waya, lambar asusun banki, bashin da ake bin mutum, sannan na biyar wanda Kawu ya sa wa suna "dalili". A gaban wani an rubuta jinyar matarsa, har da sunan ciwon. A gaban wani an rubuta cewa an kama ɗansa da ƙwaya, ya sayar da riɗinsa ya yi beli. A gaban wani dattijo da na tashi na gan shi a sahun farko a masallaci, ga abin da Kawu ya rubuta: "Ba shi da shi. Kada a tambaye shi a gaban mutane." Na koma shafin da na yi binciken. A ƙarƙashin wurin da na danna akwai ƙananan rubutu da na sha gani ban taɓa karantawa ba. Sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa duk abin da aka ɗora za a raba shi da masu harkar tsaron kwamfuta, kada kuma a ɗora bayanan sirri na mutane. Ba su ɓoye mini komai ba. Ni ne ban duba ba.

Ya kamata in bayyana yadda irin waɗannan shafuka suke aiki, domin a nan tambayar take. Mafi shahara a cikinsu shi ne VirusTotal, wanda wani kamfanin tsaro na ƙasar Sifen mai suna Hispasec ya buɗe a 2004, Google ya saye shi a 2012. Idan ka ɗora fayil, sai a gwada shi da manhajojin rigakafi sama da saba'in a lokaci guda, a nuna maka hukuncin kowace. Ba a karɓar ko sisi daga hannunka. Abin da ake karɓa shi ne fayil ɗin kansa: yana zama a rumbunsu, kamfanonin rigakafi su samu su nazarta, masu biyan kuɗin rajista kuma suna iya nema su sauke shi zuwa nasu kwamfutocin. Wannan rumbu ake kira gajimare, suna mai daɗi da ke sa mutum ya zaci abu ne marar mai shi. Alhali kuwa kwamfutocin wasu mutane ne a wasu gine-gine, a ƙasashen da yawancin 'yan ƙungiyar Kawu ba su taɓa jin sunansu ba.

To, na ci amana, ko ban ci ba? Daren nan na kwana ina kare kaina, kuma hujjojina ba na banza ba ne.

Ta farko ita ce niyya. Ban nufi tona asirin kowa ba, kariya na nufa. Wannan hujja ba ta daɗe a tsaye ba. Niyya takan raba mai kuskure da maci amana a wajen hisabi, amma ba ta mayar da abin da ya fita. Wanda ya yi gyaran gangar Auzinawa shi ma gyara ya nufa.

Ta biyu ta fi ƙarfi: wa aka cuta? Fayil guda, da Hausa, cikin tarin fayilolin da ke kwarara daga ko'ina a duniya dare da rana; wane Bature ne zai zauna yana karanta bashin manomin riɗi a Ɗanzomo? Akwai amsa ta zahiri. Masu bincike a wannan rumbu ba ɗaya bayan ɗaya suke karantawa ba, na'ura suke sawa ta tace musu abin da suke nema, kuma lambar waya da lambar asusu ba su da yare. Kowa a ƙasar nan ya san kiran nan na "daga bankinka muke", ya kuma san cewa ɗan damfarar da ya ambaci sunanka da bashin da ake bin ka ya riga ya ci rabin nasara. Amma bari in ɗauka cewa babu wanda ya taɓa buɗe shi, ba kuma wanda zai buɗe har abada. Shin hakan ya wanke ni?

A nan ne na tuna babin ajiya a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Hukuncin da na riƙe shi ne, wanda aka ba ajiya amintacce ne. Idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa. Amma idan ya ɗauke ta ya kai wa wani ya ajiye, ba da izinin mai ita ba, ba kuma da uzuri irin na tafiya ko tsoron ɓarayi a gidansa ba, to ya fita daga matsayin amintacce, duk abin da ya same ta yana wuyansa. Abin lura shi ne, malamai ba su jira sai ajiyar ta ɓata kafin su ce matsayinsa ya sauya ba. Miƙawar ita ce ƙetare iyaka, ko da wanda ya miƙa wa mutumin kirki ne. Dalilin a fili yake: mai kaya kai ya zaɓa. Ya dubi fuskarka, ya san gidanku, ya san inda zai same ka idan magana ta taso. Wannan zaɓi nasa shi ne ainihin abin da ya damƙa maka, kuma shi ne abin da ka ƙwace masa ranar da ka zaɓa masa wani.

Sai dai ajiyar da malamai suka yi magana a kai kuɗi ce, ko hatsi, ko dabba, abin da idan yana can ba ya nan. Tawa ba haka take ba. Da la'asar na miƙa wa Kawu filash ɗinsa a cikin ledarsa, babu harafi ɗaya da ya ragu. In da alƙali zai tambaye shi ko na mayar masa da ajiyarsa, da ya rantse na mayar. A da cin amanar ajiya raguwa ce, yanzu kuwa ƙaruwa ce: abu ɗaya ya zama biyu, na biyun kuma ya shiga inda ba a kiransa ya dawo. Ba a kuma rama shi. Wanda ya salwantar da buhun gero sai ya auno wani buhun. Wanda ya saki labarin ciwon matar wani, da me zai biya? Ba banza ba Bahaushe ya kira magana zarar bunu.

Har ila yau, kalmar da muke amfani da ita ta fi ta Turawa faɗi a wannan fage. Idan Bahaushe ya ce Allah ya rufa asiri, ba yana nufin yana da wani laifi da yake ɓoyewa ba ne. Yana roƙon kada rashi, ko ciwo, ko bashi su kai shi inda mutane za su ga gazawarsa. Mai rufin asiri shi ne wanda yake ci yake sha ba tare da an san yadda yake yi ba. Da Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa, a nazarinsa da aka wallafa a 1974, ya lissafa amana da kunya da mutunci a cikinsu, kuma a ganina ukun nan a wuri guda suke kwana. Gurbi na biyar da Kawu ya ƙirƙira aikin rufin asiri ne tsantsa. Ya rubuta dalilin kowa ne domin shi da shugaban ƙungiya su san wanda za a ɗaga wa ƙafa ba tare da an sa shi ya yi bayani a bainar jama'a ba. A hannunsu rubutun nan sutura ne. Da ya bar hannunsu, kalmomin ba su sauya ba, amma sun koma tsiraici. Wata masaniyar falsafa a Amurka, Helen Nissenbaum, ta gina littafi guda a 2010 a kan wannan ra'ayi, cewa kowane labari yana tafe da ƙa'idar wurin da aka faɗe shi, ɓarna kuma tana aukuwa ne idan aka kai shi wani wuri mai wata ƙa'ida. Kakata ba ta karanta littafin ba, amma ta san bambancin zancen ɗaki da zancen bakin rijiya.

Don haka ko ba a karanta ba, an yi ɓarna. Kafin ranar Alhamis ɗin nan mutuncin dattijon yana hannun mutum biyu da ya sani, waɗanda suke jin kunyarsa. Bayanta ya koma rataye a kan kirkin mutanen da bai sani ba, ba su kuma san shi ba. Wanda aka ɗage labulen ɗakinsa yana barci an cuce shi, ko da babu wanda ya bi ta ƙofar.

Hujjata ta uku ita ce wadda har yau ban gama da ita ba, domin gaskiya ce a cikinta. Wannan rumbu gayya ce. Ƙwayar cutar da ta kama kwamfuta a Gumel yau, in an kai ta can, gobe manhajar rigakafi a Kano da Maraɗi da Alƙahira za ta gane ta. Hatta rundunar sojan Amurka mai kula da yaƙin intanet ta fara ɗora samfuran da ta kama a VirusTotal a Nuwamban 2018, domin kowa ya amfana. In da kowa zai riƙe fayil ɗinsa don tsoron tonon asiri, da rumbun ya bushe, da ɓarayin ne suka ci riba. Makiyayin da ya ga ciwon huhu a garkensa ya ɓoye, ya kora shanunsa kasuwar Maigatari, ba mai rufin asiri ba ne, mugu ne. Ni kaina kariyar da nake samu kyauta daga abin da wasu suka ɗora take fitowa. Ashe ba rowa ba ce in ci daga akushin gayya in ƙi kawo tawa fartanyar?

Amsar da na samu ita ce, gayya tana neman cutar ne, ba ta neman littafin bashi. Abin da ya ɓoye fayilolin Kawu wata 'yar manhaja ce daban da ke kwance a cikin filash ɗin, ba ta ɗauke da asirin kowa. Ita ya kamata in ɗora, da kuwa na yi wa jama'a aiki. Game da fayil ɗin lissafi kuma akwai hanyar da ba ta buƙatar ya bar shagon. Kowane fayil ana iya lissafa masa wata lamba mai harufa da alƙaluma 64, ana ce mata SHA-256, wadda take kamar zanen yatsarsa: ba a iya karanta abin da ke ciki daga gare ta, amma idan rumbun ya taɓa ganin mugun fayil mai wannan lamba zai faɗa. In bai san shi ba, sai in bincika da manhajar da ke kan kwamfutar, ko in buɗe shi a tsohuwar kwamfutar da ba ta haɗe da komai. Malamai suna cewa larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta. Likita yana ganin abin da ba a nuna wa kowa, sai dai wurin ciwon kaɗai ake buɗe masa. Ni kuwa na tuɓe majiyyacin gaba ɗaya don a duba yatsa, yatsan ma ashe lafiyarsa lau.

Ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da cutar take cikin takardar kanta, ba a raba su. A nan babu dabarar da za ta cece ka daga zaɓi, sai dai zaɓin ba naka ba ne, na mai takardar ne. Kawu yana da waya. Kiran minti ɗaya ya isa. Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: kamfanonin nan suna da hanyar bincike ta sirri wadda ba a raba fayil da kowa, amma ta masu biyan kuɗi ce. Banki ko babban kamfani yana sayen tsaro da kuɗi ya riƙe asirinsa. Shagon kwamfuta a Gumel yana sayen tsaro da asiri, asirin ma na wasu.

Wani zai ce masu riƙe da rumbun ƙwararru ne, sun fi ni sanin darajar abin da ke hannunsu. Haka ne. Amma a ranar 29 ga Yuni, 2023, wani ma'aikacin VirusTotal ya yi kuskuren ɗora wani fayil a kan shafin nasu, ɗauke da sunaye da adireshin imel na abokan cinikinsu kimanin 5,600, ciki har da ma'aikatan hukumomin leƙen asirin Amurka da na Jamus. Jaridar Der Standard ta Ostiriya da mujallar Der Spiegel ta Jamus suka fallasa labarin, kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce kuskuren ɗan Adam ne kuma an cire fayil ɗin cikin sa'a guda. Tun a 2022 hukumar tsaron bayanai ta Jamus, BSI, ta gargaɗi ma'aikatu kan ɗora takardun sirri a wannan shafi. Ban kawo wannan don in ce su mugaye ne ba. Na ji wani irin sanyi ma da na karanta, domin kuskurena ne sak, a hannun wanda aikinsa ke nan. Abin da ya nuna mini shi ne, duk tsawon sarƙar, kowace gaɓa mutum ne mai gaggawa da yatsa a kan maɓalli.

Doka ma tana da ta cewa. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan 'yan Najeriya zuwa waje, ta kuma wajabta sanar da mutane idan bayanansu sun fita ta hanyar da za ta jefa su cikin babban haɗari. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin tun kafin in san da dokar na san akwai maganar da ke jira na a Ɗanzomo.

Na rubuta wa masu shafin na roƙi a cire fayil ɗin, suka amsa cewa sun cire. Abin da wani ya riga ya sauke kafin nan, in akwai, ba a hannunsu yake ba balle nawa. Ranar Asabar na hau mota na tafi. Na sami Kawu a zaure yana gyaran buhuna. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, na yi maka ɓarna," na kwashe labari na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Su waɗannan mutane, sun san mu?" Na ce ba su san mu ba. Ya ce, "To ai shi ne abin tsoron. Wanda ya san ka yana jin nauyinka." Ya sake yin shiru, sannan ya ce, "Ni ka zo ba haƙuri, ɗana, amma ba nawa ba ne. Ni ma ajiya aka ba ni. Kuma babu wanda ya ce in rubuta. A kunne aka faɗa mini."

Nan muka shiga wani sabon rikici da ban hango ba. Faɗa wa 'yan ƙungiya cewa lissafi ya fita yana nufin faɗa musu cewa akwai gurbi na biyar, abin da yawancinsu ba su sani ba. Mutumin da yake zaune lafiya da zaton cewa maganarsa tana cikin Kawu kaɗai, za a tashe shi a ce masa an rubuta ta, an kuma kai ta Turai. Shiru zai bar masa kwanciyar hankalinsa, gaskiya za ta ɗauke ta, kuma wataƙila a kan haɗarin da ba zai taɓa zuwa ba. Na karkata ga shiru, na kuma san cewa rabin wannan karkata tausayin kaina ne. Kawu ne ya yanke. Ya ce wanda aka taɓa kayansa yana da haƙƙin ya sani, ko don ya san irin kiran da zai kashe wa waya. In mun rufe, mun sake zaɓa musu ke nan a karo na biyu.

A taron ƙarshen shekara ya miƙe ya faɗa, bai ambaci dalilin kowa ba. Ya ce ya rubuta abin da bai kamata ya rubuta ba, ɗan 'yar'uwarsa kuma ya kai inda bai kamata ya kai ba. Ya ce duk wanda aka kira da sunan banki kada ya ba da wata lamba. Wasu suka ce ba komai. Mutum biyu suka tashi suka fita, ɗaya daga cikinsu bai sake zubi ba. Lissafin da nake bugawa yanzu gurbi huɗu ne, na biyar ya koma cikin Kawu.

Da aka watse, dattijon nan na sahun farko ya yafito ni gefe, bayan wata bishiyar darbejiya. Ya rage murya ya ce, "Ɗan nan, mutanen da takardar ta je wurinsu, akwai yadda za ka aika musu da saƙo?" Na ce akwai, Baba. Ya ce, "To ka shaida musu na biya. Juma'ar da ta wuce na kai wa kawunka, cif-cif. A gyara."

Na buɗe baki in yi masa bayanin kwafi da rumbu da waɗanda ba a san ko su wane ne ba. Sai na ce, "To, Baba." Ya gyara hularsa ya nufi masallaci, ana kiran magariba.